Kunun da Na Miƙa ta Kafar Danga

Sa'adatu autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Ungogo lafiya, ke da angona Mustafa da 'yan rakiya, mota ba ta ba ku wahala ba. Allah ya sa kin tarar da mijinki Malam Sani da uwar mijinki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na gida, na mutum da na aljan. Ki gaida Malam Sani, ki ce na gode da itacen wankan da ya aiko, a tsadar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Na cusa takardar nan cikin ƙullin yajin jego ne don na san hannun kowa ba zai shiga nan ba sai naki. Ki yi haƙuri da rubutun, bokon ajin manya ne, da girma na koya. Na zaɓi in rubuta don in na ce da baki zan faɗa, ihu zan yi, maƙwabta su taru su ce Hajara ta zauce ranar da 'yarta za ta koma ɗakin miji. Wallahi raina a ɓace yake, Sa'a. Da ke, da duniyar nan, da ni kaina.

Tun ranar da kika zo wankan gida nake hura wuta, in tafasa ruwa, in fyaɗa miki da ganyen darbejiya, in dama kunun kanwa mai kauri yadda ludayi zai tsaya a ciki. Har aka yi arba'in yadda na ajiye kwano haka nake ɗauke shi. Ke kuwa kina bakin gado, waya a hannu, hawaye yana ɗiga a kan zanin goyo, yaro yana gefe yana tsotsar hannunsa. Kina tsammani ban gani ba? Na ga wuyanki ya yi tsawo. Na ga yaron nan ya kama nono ya ja, ya ja, ya saki ya tsala kuka. Yaron da aka haifa ɓul-ɓul, har ungozoma tana tsokanata wai wannan ango ya fi ƙarfina, yau in na ɗauke shi ba na jin na ɗauki komai. Nononki yana ƙafewa, 'yar nan. Ga maganar, ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Da na yi miki magana me kika ce? Kika juyo min wayar kika ce, "Inna, dubi fa. Jariri ne wannan, daga ƙarƙashin gini aka tono shi. Ta ina abinci zai wuce min?"

Na duba. Na ga jaririn, na ga ƙasa a bakinsa. Na ga matan ƙauyukan yamma da 'yan bindiga suka koro, da tabarma a ka, ba takalmi. Na ga duk abin da kika nuna min. Kada ki zaci zan ce miki ba komai ba ne. Allah ya isa! Allah ya isa tsakaninmu da duk wanda ya jefa wuta a kan ɗakin da yara ke barci, ya koma gida ya ci abincinsa. Allah wadaran manyan da ke fitowa da babbar riga su ce sun yi tir, gobe su sake fitowa su yi wani tir ɗin. Tir ɗin banza! Wanda ya ga wannan ransa bai ɓaci ba, a duba shi, ba lafiya gare shi ba. Ni na haife ki, na san inda kika samo wannan zuciyar. Shi ya sa nake jin tsoro, don na san inda ta kai ni.

Bari in fara da mai sauƙi.

Wata shekara, kina goye a bayana, aka ce an kawo takin zamani za a raba wa manoma. Kin san gonakinmu, ba hutu suke yi ba, in ba taki sai dai a shuka a girbe kara. Babanki, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauki buhu ya tafi tun da safe, ya yini a layi cikin rana. Da la'asar aka rufe taga aka ce ya ƙare. Ran kasuwa sai ga takin nan jibge a rumfunan 'yan kasuwa, ko kunyar canza buhu ba su ji ba. Raina ya yi baƙi ƙirin. To wa na samu? Waɗanda suka sace suna can bayan katanga da maigadi. Wanda hannuna ya kai gare shi shi ne bawan Allahn da ya dawo da buhu a ninke a hammata. A gaban yayyenki na ce masa, "Maza suna tafiya su ƙwato haƙƙinsu, wasu kuwa sai dai su je su shanya baki a layi."

Ya rataye buhun a jikin rumbu, ya ɗauki buta ya fita. Daga ranar har ya koma ga Allah, duk abin da ya dame shi a waje bai sake kawo min ba. In na tambaya sai ya ce, "Lafiya lau." Na bar jaki na daki taiki, taikin kuma shi ne mai ciyar da ni.

Na ji ki shekaranjiya kina yi wa Malam Sani tsawa a waya, wai shi ba abin da ya dame shi sai ɗinki. Ke! Mutumin da ke zaune kan keke tun safe har bayansa ya ƙage don ku ci, shi ne ya jefa bam? Fushinki yana da masu shi, ki bar musu kayansu. In ya ciyo ki, ki faɗa masa, "Yau raina a ɓace yake, ba kai ba ne." Ba ki san abin da wannan 'yar maganar take tsarewa ba.

Wannan shi ne ƙarami. Yanzu ki gyara zama, don abin da zan faɗa ko yayyenki ba su sani ba.

Kin san an ce kafin su na yi haihuwar fari, bai zo da kwana ba. Haka aka gaya muku, haka ma nake cewa. To ga yadda abin ya faru.

Shekarar yunwa ce. Damina ta yi ta yaudararmu, a yi yayyafi a shuka, rana ta ƙone, a sake shuka. Ina yarinya ɗanya, na je wankan gida wajen kakarki Iya, a ƙauyenmu na bayan Minjibir. A gidan ma awo ake yi wa tuwo, amma Iya ta ɓoye ɗan gero a tulu tun ina da ciki, ta ce wannan na mai jego ne, ko Baba bai isa ya taɓa ba. Kowa a gidan nan yana kwana da rabin ciki, ni kaɗai ake cika wa ƙwarya.

Sai mutane suka fara gangarowa daga arewa, waɗanda fari ya kashe wa dabbobi. Suka yada zango ƙarƙashin tsamiyar da ke bayan gidanmu, kusa da rijiya. Ɗakina yana jikin danga, akwai wata kafa inda kara ya karye. Wata rana da hantsi na leƙa, na ga wata mata zaune da jariri sa'an nawa. Ta sa shi a nono, nonon ya zama fata zalla, yaron ko ƙarfin kuka ba shi da shi. Ba ta roƙe ni ba. Ko Hausa ba ta ji sosai. Kallona kawai ta yi. Na waiwaya, ba kowa a tsakar gida, na ɗauko ƙwaryar kunun na miƙa mata ta kafar dangar.

Ki ji da kyau, wannan ba shi ne laifin ba. Ko yau aka mayar da ni zan miƙa. Laifin yana gaba.

A garin nan akwai wani attajiri, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna nan. Rumbunansa cike da dawa, ya yaɓe bakinsu da laka yana jiran hatsi ya ƙara tsada. Daga tsakar gidanmu ana hango kawunan rumbunan. In na leƙa kafar danga in ga matar nan, in ɗaga kai in hango rumbunan, sai raina ya ɓaci. Na ce a raina, wace irin duniya ce wannan? Ni wace ce da zan ƙoshi? Na fara miƙa rabi, na koma miƙa duka. Har ta kai ko Iya ta tsare ni ta ce in ci a gabanta, in na kai loma baki sai ta ƙi wucewa. Ina ji a raina kamar in na ci na shiga sahun azzalumai. Ina jin yunwar nan tawa wani abu ce da nake yi musu. Shashanci!

Iya tana ganin ƙwarya wayam tana murna. Tana ce wa maƙwabta, "Yarinyar nan akwai ci, tubarkalla."

Nono ya fara ja da baya. Na sani, ni ce mai jikin. To amma ɗan fari ne. Kin san yadda aka rene mu, ba a kallonsa a gaban mutane, ba a ɗaukarsa sai an miƙo, ba a kiran sunansa. In ya yi kuka sai in kau da kai in jira wata ta ce, "Ke, ba shi mana," sannan in karɓa ina noƙewa, in juya baya. Mata suna yabona, wai Hajara akwai kunya, akwai kara. Ina jin daɗin yabon. Ki duba wannan abu, Sa'a: ina iya zama in yi kuka shaɓe-shaɓe a kan ɗan wata, kowa ya ce ina da tausayi, amma ba na iya buɗe baki in ce nawa ba ya ƙoshi, kada a ce na yi rashin kunya.

Wata rana Iya ta ɗauke shi za ta yi masa wanka, ta tsaya tana jujjuya shi. Ta ce, "Hajara, yaron nan yana sha kuwa?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

Ta yi dariya ta ce, "Ja'ira, ni ma kunyata kike ji?"

Kalma ɗaya ce a bakina, a'a. Da na faɗa, akwai masu shayarwa a dangi, da an san yadda aka yi. Ban faɗa ba. Da kukansa ya yi yawa aka ce ƙishirwa ce, aka fara ɗura masa ruwa. Gudawa ta kama shi. Maɗigarsa ta faɗa. Kafin a yi arba'in, wata Talata da rana tsaka, Baba ya naɗe shi a 'yar tabarma ya fita da shi a hannu. Ko kukan ma ban samu na yi a fili ba. Mata suka ce, "Haba, a kan ɗan fari? Share hawayenki, wani yana tafe."

Sunansa Idrisu. Ga shi na rubuta. Tun da aka raɗa masa sunan nan bakina bai taɓa furta shi ba, har yau da nake da furfura.

Na san kwana na Allah ne, kada ki kawo min wannan, na fi ki sani. Amma Allahn da ya rubuta kwana shi ya sa kunu a ƙwaryata ya ce amana ce. Matar tsamiya kuwa, tun kafin rasuwar ayarinsu ya tashi ya yi kudu. Ko nata ya rayu, ko bai rayu ba, ban sani ba har gobe. Shi kuma mai rumbuna, kin san abin da ya same shi? Ba komai! Ya fasa rumbunansa lokacin da ya ga dama, ya sayar yadda ya so, ya ƙara ƙiba. Yunwar da na yi ko ƙwayar dawa ɗaya ba ta fitar daga rumbunsa ba. Bai ma san ina yi ba. Wanda ya biya shi ne wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, yana kwance a gefena.

To ke ma gaya min, Sa'adatu. Abincin da kike turewa, wa yake isa? Ya tashi sama ya je wa jaririn da aka tono? Mai jefa wutar ya ji labari ya ce, "Kai, wata mai jego a Kano ta ƙi shan kunu, a dakata"? Bakin mutum ɗaya kawai kike cire wa abinci a duk faɗin duniyar nan, kuma bakin Mustafa ne. Sun kashe na can, ke kuma za ki taya su da na nan? Haba!

Kuma na ga kin ɗauko ɗaya halin. Ke da kika yi makaranta, ke da ke yi mana dariyar al'adun da, amma da gwaggonninki suka zo barka sai na ga kina ture yaron gefe kina sunkuyar da kai, suna cewa, "Oh, 'yar Hajara ta gado uwarta." Ba na son ki gaje ni a nan. Kunya ado ce, ban musa ba, ki yi ta a gaisuwa, ki yi ta a magana. Amma kunyar da za ta hana ki cewa ɗanki ba ya ƙoshi, ki tattara ta ki zuba a masai. In uwar mijinki tana zaune ya yi kuka, ki ɗauke shi ki ba shi. Ki buɗe baki ki ce mata, "Hajiya, nonona ya ragu." Mace ce, ta shayar. In wata ta ce 'yar Hajara ba ta da kunya, ki ba ta kwatancen gidana, ina nan zaune.

Saura ɗaya, don kada ki gudu daga wannan rami ki faɗa wancan.

Bayan Idrisu na rufe zuciyata ruf. Na ce ba ruwana da kowa. In Babanki ya kunna rediyo aka fara labarin yaƙi sai in tashi in shiga madafa. Shekaru ina haka, ina ce wa kaina hankali na yi. Wata rana wata mata ta yi sallama da yara biyu, rikici ya koro su daga wani gari. Kafin ta rufe baki na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Tuwo yana tukunya a bayana yana tururi, tana gani. Ta juya ta tafi.

Babanki yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago ya ce, "Hajara, ke ba kya iya tsayawa a tsakiya ne? Ko ki ba da duka, ko ki hana duka?"

Ya tashi ya kwashi tuwo a kwano da hannunsa, namiji guda, ya bi ta har bakin hanya. Da ya dawo ya zauna muka ci sauran, kowa ya ƙoshi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ashe tukunyar tana iya ɗaukarmu mu da su, ni ce ban iya rabo ba.

Don haka ban ce ki toshe kunne ba. Ban ce ki jefa wayar a rijiya ba, ko da yake wallahi sau da yawa na yi niyyar jefa miki ita. Mu a zamaninmu kafar danga ɗaya ce, abin da ta nuna min ma ya fi ƙarfina. Ke kuwa an ɗora miki kukan duniya kaf a tafin hannu, daga asuba har ki kwanta, wani na bin wani. Wane ɗan Adam aka halitta ya ɗauki wannan? Ki ci tukuna, ki shayar, yaro ya yi gyatsa, sannan in za ki duba ki duba, ki kuma san lokacin ajiyewa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In kuma abin ya taso miki, kada ki zauna ke kaɗai a ɗaki kina haɗiya. Ki shimfiɗa sallaya ki kai ƙara inda ake kaiwa, ki faɗi abin da suka yi ɗaya bayan ɗaya, ki yi kuka yadda kike so, Shi ba ya gajiya da ji. Sannan ki tashi ki nemi abin da hannunki zai kai. Unguwarku cike take da kangaye, na gani da na je ganin ɗaki, kuma na ga mata 'yan gudun hijira a cikinsu, sun kafa murhu a inda ko ƙofa babu. Ga su nan kusa, ba sai a waya ba. In kin dafa, ki fara cika cikinki, ki ɗebi na mijinki, sannan ki zuba wa ɗaya daga cikinsu. Ki tambayi sunanta. Ki zauna ku yi hira, ku zagi azzalumai tare in kun ga dama, ni ma in na zo zan taya ku. Wannan fushin yana da amfani, don yana ƙarewa da wani ya ci abinci.

Ranar awo ki kai Mustafa asibiti, ki gaya wa ma'aikaciyar gaskiya, kada ki ce lafiya lau. Abin da ta ce ki yi, ki yi. Na sa miki gero da kanwa da 'yar kuka a cikin kayan gara, ba na baƙi ba ne, ba na rabo ba ne, naki ne. Zan zo ran Juma'a ta sama, kuma ba gaisuwa za ta kawo ni ba. Zan ɗauki angona in ji nauyinsa a hannuna. In na ji shi yadda ya bar gidan nan, wallahi a ɗakinki zan tare, in zauna a kanki da ludayi, surukai su ce abin da za su ce.

Na ga an fita da ɗaya a tabarma ina rufe da fuska, Sa'a. Ba zan sake yin shiru ba.

Allah ya tsare ki, ya tsare mijinki da gidanku. Allah ya ji ƙan yaran da aka kashe a inda muka sani da inda ba mu sani ba, ya sanyaya zuciyar iyayensu, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Allah ya kama azzalumai da hannunsa, don namu ya gaza. Allah ya ji ƙan Idrisu, ya yafe wa uwarsa. Allah ya raya Mustafa, ya sa shi ne zai bi gawata ba ni zan ga tasa ba.

Yanzu ki ajiye takardar nan, ki tashi ki dama kunu. Ki shanye, kada ki rage.

Innarki,
Hajara